Ku Tambayi Ungozoma: Jini Bayan Haihuwa, Ruwan Naƙuda da Jaririn da Bai Yi Kuka Ba

Ungozomomin da ke riƙe da wannan fili ne suka amsa wasiƙun wannan wata. Adadin magungunan da za ku gani a ƙasa na ma'aikatan lafiya ne da aka horar. Kada wani ya je kasuwa ya sayo ya gwada a gida.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mataimakiyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Ungozomarmu ɗaya ce, idan ta shiga gari ni nake karɓar haihuwa. Sau biyu a bazarar nan na yi wa mace allurar oksitosin bayan ta sauka, amma jini ya ɓalle kamar ban yi komai ba. Maganin ne jabu, ko hannuna ne? Daga wata ma'aikaciya, yankin Kusseri.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Kafin ki zargi hannunki, je ki duba inda kuke ajiye allurar. Oksitosin, wato allurar da ke sa mahaifa ta matse, ba ya shiri da zafi, mazauninsa firji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta yi watanni a durowar ɗakin haihuwa, a ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, tana iya rasa ƙarfinta alhali ruwan cikinta garau yake, ranar da aka buga a jikinta kuma ba ta cika ba. Idan kuna da firjin rigakafi mai aiki da hasken rana, an yarda a sa oksitosin a ciki, a kwalinsa daban da rubutu ɓaro-ɓaro, don kada wani ya ɗauke shi a zaton ruwan haɗa rigakafi ne. Inda babu firji sam, ƙwayar misoprostol ce madogara: mikrogiram 600, wato ƙwaya uku masu 200, mace ta haɗiye da zarar jariri ya fito. Ita kuma danshi ne ke ɓata ta, kada a ɓare ta daga takardarta sai za a sha. Takan sa rawar ɗari da ɗan zazzaɓi, a faɗa wa mai jego da danginta tun da wuri don kada hankalinsu ya tashi.

Sai lokaci. Yunit 10 a tsokar cinya, cikin minti ɗaya da fitowar jariri, bayan kin shafa ciki kin tabbatar babu na biyu. Ba a jiran mabiyiya ta faɗo tukuna. Wajen fitar da ita, hannu ɗaya yana saman ƙashin mara yana tokare mahaifa zuwa sama, ɗayan yana riƙe da igiyar cibiya. Mahaifa ta murɗa, a ja a hankali zuwa ƙasa. Ta saki, a dakata. Jan igiya ba tokari shi ke tsinke ta, ko ya juyo da mahaifa ciki waje. Idan ba a taɓa kama hannunki an koya miki wannan ba, kada ki ja, bari ta fito da nishin uwa. Ta wuce minti 30 ba ta fito ba, a sa jariri a nono, a fitar da fitsari, a fara neman mota. Bayan ta fito ki shimfiɗa ta a faranti ƙarƙashin fitila, ki duba fuskar da ta manne da uwa ko akwai gurbin da ya ɓalle.

Amma ko da magani mai kyau jini kan zuba, domin abu ɗaya oksitosin yake gyarawa, wato mahaifar da ta saki. Ɗora hannu a ƙasan cibiya. Wadda ta kama za ki ji ta dunƙule da tauri kamar goruba. Idan kin ji taushi, ko ma kin kasa gano ta, murza da tafin hannu har ta yi tauri, sannan ki sa robar fitsari, saboda cikakkiyar mafitsara tana ture mahaifa gefe ta hana ta matsewa. Idan mahaifa da tauri amma jan jini bai daina zirara ba, yagewa ce a bakin mahaifa ko a farji. Ƙarin allura ba ya tsayar da wannan, sai dannawa da bandeji mai tsabta da ɗinki. Dalili na uku guntun mabiyiya ne da ya rage, za ki ga mahaifa ta kama ta saki, ta kama ta saki. Na huɗu jinin ne ba ya daskarewa: zuba mililita 2 a busasshiyar kwalbar gwaji ki dunƙule ta a hannu, idan minti 7 ya wuce bai yi guda ba, maganarta ta babban asibiti ce mai ajiyar jini.

Rabin lita ne iyakar jinin da mace za ta zubar, kuma ido yana raina jini, zani da katifa suna shanye shi. Ƙunzugun da ya jiƙe sharkaf cikin minti biyar, ko bugun zuciya da ya haura 100 yana ƙaruwa, ya isa ki ɗaga murya ki nemi taimako. Kada ki jira awon hawan jini ya faɗi, a makare yake faɗuwa, musamman ga mai ƙuruciya. Sa babbar allurar ƙarin ruwa, lamba 16 ko 18, tun jijiya ba ta ɓuya ba. Oksitosin yunit 20 cikin lita ɗaya ta ruwan gishiri, ɗigo 60 a minti. Tranexamic acid, maganin tsayar da jini, giram 1 ta jijiya cikin minti 10, kuma amfaninsa yana cikin awa uku na farko bayan haihuwa. Idan babu oksitosin da kika amince da shi, misoprostol mikrogiram 800 a ƙarƙashin harshe. Tare ake yin waɗannan, ba a gwada ɗaya a zauna jiran sakamako. Idan za a tura ta, wani ya shiga motar yana matse mahaifar har a isa, dangi biyu ko uku kuma su bi don ba da jini.

A ganinmu inda aka fi yin asara shi ne awa biyun farko. An haihu, an yi guɗa, kowa ya koma kan jariri, uwa tana gefe a lulluɓe an ce tana hutawa. Kowane minti 15 ki ɗaga mayafin, ki taɓa mahaifa, ki duba ƙunzugu, ki ƙirga bugu. Ki kama hannun mai jegon ki nuna mata taurin, ki ce ta kira ki da ta ji ya saki.

Tambaya: Matata ta fara naƙudar fari da asuba muka kai ta asibiti. Har la'asar ungozoma ba ta yi mata komai ba sai dubawa da rubutu a wata takarda. Na roƙe ta ta sa mata ruwan naƙuda ta ƙi. Daga baya ta ce mu wuce babban asibiti, aka yi mata aiki. Uwa da ɗa suna lafiya, amma iyayena sun ce da an sa ruwan da ta haihu da kanta. Daga wani magidanci, Garwa.

Amsa: Malam, barka da arziki, Allah ya raya. Yadda ka kwatanta, ungozomar nan aikinta ta yi, kuma rubutun da ka gani shi ne aikin. Takardar ita ce partogiram. Kowane rabin awa ana sauraron zuciyar jariri, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin 110 da 160 a minti, a kuma ɗora hannu a ciki na minti goma a ƙirga sau nawa ya murɗa da tsawon kowace murɗa. Kowace awa huɗu ana auna buɗewar bakin mahaifa, wanda sai ya kai santimita 10 ake cewa mace ta yi nishi. Ana rubuta saukowar kai, da launin ruwan faya, domin kore yana nufin jariri ya yi kashi a ciki, da kuma ko ƙasusuwan kansa sun hau juna saboda matsi. Takardar da aka saba da ita tana farawa daga santimita 4 tana sa ran ƙarin ɗaya a awa. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara lissafi daga 5, kuma jinkiri shi kaɗai ba hujjar sa ruwa ba ne, tunda mata sun bambanta.

Naƙudar da ta ƙi gaba iri biyu ce. Akwai wadda murɗar ce ba ƙarfi, hanya kuwa a buɗe take. Nan ruwan naƙuda, wato oksitosin cikin ƙarin ruwa, yana taimako, da ɗigo ake ƙirga shi, a ƙara kaɗan bayan kowane minti 30, kada murɗa ta wuce biyar cikin minti goma, kuma a inda ɗakin tiyata yake kusa. Akwai kuma wadda murɗa da ƙarfinta amma kan ya fi ƙugu, ko ya zo a karkace. Alamarta ke nan a takarda: awanni suna wucewa, kai bai sauko ba, ƙasusuwansa sun hau juna, bakin mahaifa ya kumbura. Aka sa ruwa a nan, an ƙara wa mahaifa ƙarfin tura abin da ba zai wuce ba. Jariri ya rasa iska, domin tsakanin murɗa da murɗa ne jini ke isa gare shi. Mahaifa kuma tana iya fashewa, musamman ga wadda ta haihu da yawa ko aka taɓa yi mata aiki.

Wadda aka bari kwana biyu ko uku a wannan hali, kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashin mara har naman wurin ya mutu. Bayan 'yan kwanaki ya zube, fitsari ya fara yoyo. Asalin yoyon fitsari ke nan, ana kuma gyara shi da aiki. Yankan gishiri da aska ba ya faɗaɗa ƙashi, sai dai ya huda mafitsara ko ya jawo jini. Haka danna ciki daga sama, da jiƙe-jiƙen saurin haihuwa, da allurar naƙuda a cinya kafin jariri ya fito, wadda wasu masu shagon magani ke yi wa mata a gida. Wannan allurar ta shiga ta shiga, babu mai iya rage ta.

Ka gaya wa su Baba cewa aiki ɗaya ba ya nufin ba za ta ƙara haihuwa da kanta ba. Ku ba da tazarar shekara biyu, kuma haihuwa ta gaba a asibitin da ke da ɗakin tiyata za a yi ta, daga fara ciwon mara.

Tambaya: Cikina wata uku. Maƙwabciyata ta ce in sayi Chèque Santé. Me yake biya? Daga wata amarya, Yagwa.

Amsa: Ƙanwata, ki saya. Tsarin yana aiki a jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2015. Jaka shida ne, sefa 6,000, ya haɗa awon ciki, hoton ciki, haihuwa, aiki idan ta kama, da kula da ke da jaririnki har kwana 42, a asibitocin da ke cikin tsarin. Kada kunyar cikin fari ta sa ki jira sai ya fito. Zuwa awo sau takwas ake so, na farko cikin wata ukun farko. Daga sati 13 za a riƙa ba ki Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku ki sha a gaban ungozoma, wata ɗaya tsakani, aƙalla sau uku, ga ƙwayar ƙarin jini kullum. Ki lissafa watan haihuwarki. Idan ya faɗo a Agusta ko Satumba, lokacin da koguna ke kawo ruwa hanya ta yanke, ku shirya da maigida ki koma gidan dangi kusa da asibiti tun sati biyu ko uku kafin lokaci.

Tambaya: Na ci bakaloriya bana, ina son karatun ungozoma. Babana yana jin tsoron kwanan asibiti. Yaya karatun yake? Daga wata ɗaliba, Ngaundere.

Amsa: 'Yata, Allah ya sa albarka. Kamaru ta yi sama da shekara ashirin ba ta horar da ungozomomi a makarantunsu na kansu ba, sai a 2011 aka buɗe makarantu takwas, ciki har da ta Garwa. Ana shiga ta jarrabawar da Ma'aikatar Lafiya ke shiryawa, sharuɗɗan kuma suna fitowa a sanarwarta ta kowace shekara. Karatun shekara uku ne, maza ma suna shiga. Ana farawa da sanin jikin mutum da aikin jinya, a wuce ciki da haihuwa mai lafiya, sannan matsaloli, kula da jariri da tazarar haihuwa. Kaso mai yawa a ɗakin haihuwa ake yin sa, ana rubuta kowace haihuwa da ɗaliba ta karɓa, mai kula da ita ta sa hannu. Ki nace a bar ki ki maimaita abubuwan gaggawa a jikin mutum-mutumi har hannunki ya haddace: matse mahaifa, ciro mabiyiya da hannu, fitar da kafaɗar da ta maƙale, hura wa jariri iska. A ƙauye ba za ki sami wanda za ki tambaya da ƙarfe biyun dare ba.

Kwanan asibiti gaskiya ne, babu ungozomar da ba ta yinsa, kuma ba kowa ke samun aikin gwamnati da gamawa ba. Ki faɗa wa Baba wannan ba ɓoye-ɓoye. Ki kuma faɗa masa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 406 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Mata da yawa a nan arewa suna ƙin asibiti ne don babu macen da za ta duba su, ko babu mai jin yarensu, ko don tsawa da marin cinya da suka sha a baya. Da Faransanci za ki yi karatu, amma Hausarki da Fulatancinki ne za su sa mace ta gaya miki jiƙon da ta sha kafin ta zo.

Tambaya: Ban daɗe da fara aiki ba. An kawo mana mai ciki wata takwas tana jijjiga. Muna da magnesium sulfate amma na ji tsoron kada ya tsayar mata da numfashi, na tura ta haka. Daidai na yi? Daga wata ungozoma, Mokolo.

Amsa: Abokiyar aiki, turawar daidai ce, amma irin wannan jijjigar ta hawan jinin masu ciki ce, a ba da kashin farko na maganin kafin mota ta tashi. Jijjigar da za ta maimaita a hanya ta fi maganin haɗari nesa ba kusa ba, kuma kashin farko ba ya kai mace ga guba. Kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu. Ki ja mililita 8 na magnesium mai ƙarfin kashi 50, ki haɗa da mililita 12 na ruwan allura. Ya zama giram 4 cikin mililita 20, ki tura ta jijiya a hankali, kada ya gaza minti biyar. Za ta ji zafi ya game mata jiki, ba komai. Nan take ki bi da giram 5, wato mililita 10 ba sirki, can cikin tsokar kowane ɗuwawu, da mililita 1 na lidocaine, maganin kashe zafi, mai kashi 2 a sirinjin. Sa robar fitsari. Rubuta lokaci da adadi a takardar da za ta tafi da ita.

Guba tana zuwa ne wajen maimaitawa, giram 5 kowace awa huɗu har awa 24 bayan haihuwa ko jijjigar ƙarshe. Kafin kowace allura a duba uku: numfashi ya kai 16 a minti, ƙafa tana harbawa idan an ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwa, fitsari ya kai mililita 30 a awa. Ɗaya ya gaza, a dakata. Makarinsa calcium gluconate ne, giram 1 ta jijiya a hankali, ya zauna a kwali ɗaya da maganin. Magnesium ba ya sauke hawan jini. Idan awo ya kai 160 bisa 110 sai an haɗa da maganinsa, kuma ciwon ba ya warkewa sai an raba uwa da cikin.

Ki riƙa kama ciwon tun a awo: 140 bisa 90 bayan sati 20, da furotin a fitsari. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Yana iya tasowa bayan haihuwa ma, lokacin da ake ta kunun kanwa da wankan jego, don haka mai hawan jini ta bar kanwa.

Tambaya: Na fi shekara talatin ina yanke cibiya a unguwarmu. Idan jariri ya zo bai yi kuka ba mukan yayyafa masa ruwan sanyi, mu kaɗa tasa a kunnensa. Jikata da ke aikin asibiti ta ce in daina. To me zan yi? Daga wata dattijuwa, Marwa.

Amsa: Inna, mun gaishe ki da aiki. Jikarki ta faɗi gaskiya. Ruwan sanyi yana ƙwace ɗumin jariri, sanyi kuma yana ƙara danne numfashi. Ƙarar tasa, riƙe shi ta ƙafa kai ƙasa da marin baya duk suna cinye minti ɗayan da yake da shi. Da ya fito a ɗora shi a cikin uwa, a goge shi sosai da busasshen zani mai tsabta, kai da baya, a yar da jiƙaƙƙen a rufe shi da wani. A shafa bayansa sau biyu ko uku da ɗan ƙarfi. Yawancinsu a nan suke tsanyarawa. Wanda bai yi ba iska yake bukata, kafin minti ɗaya ya cika. A asibiti ana kwantar da shi a rigingine, a ɗan ɗaga haɓa, a rufe hanci da baki da murfin jakar hura iska, lamba 1 ga cikakke, lamba 0 ga bakwaini, a matsa kamar sau 40 a minti ana kallon ƙirji yana tashi. Idan bai tashi ba, ko murfin bai zauna ba, ko wuya ya lanƙwashe, ko majina ta toshe. A gyara a ci gaba. Wannan jakar ba ta gida, shi ya sa muke roƙon ki rako matan unguwarku asibiti tun naƙuda tana farawa, ki zauna kusa da su. Sun fi sakin jiki idan kina nan.

Idan haihuwa ta riga ku, kada a yi gaggawar yanke cibiya, a jira minti ɗaya zuwa uku. A wanke hannu da sabulu, a ɗaure wuri biyu da zaren da aka tafasa, a yanka tsakani da sabuwar reza. Kada a sa toka, man shanu ko man goge baki, kada a gasa da tsumma. Idan asibiti sun ba da chlorhexidine, maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi kaɗai za a shafa. Wanka ya jira awa 24. Nono cikin awar farko, dakashin nan mai ruwan ɗorawa kada a matse a zubar, kada a ba shi ruwa ko jiƙo a madadinsa. A ranar a kai uwa da ɗa asibiti a duba su a yi rigakafi. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko gindin cibiya ya yi ja yana wari, a tafi da shi a lokacin ko da tsakar dare ne, kada a ce sai bayan suna.